Daga Lifidi Zuwa Keken Ɗaki: Tarihin Kammala Bargon Ɗinki

Bargon ɗinki, wanda Turawa ke kira kwilt, abu uku ne aka haɗa wuri ɗaya: fuska a sama, cikon auduga ko ulu a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Fuskar ce ke ɗaukar ido, domin yawanci ƙyallaye ne masu launi iri-iri ake yankawa a harhaɗa su har su ba da fasali. Amma fuska ita kaɗai ba ta rufe mai jin sanyi. Sai an shimfiɗa ukun nan bisa juna, an bi su da ɗinkin da zai ratsa su gaba ɗaya ya kame cikon don kada ya dunƙule, sannan a daidaita gefe a kalmashe baki, kafin a ce an gama. Wannan ɗinkin kame shi ne wahalar aikin tun fil azal. Shi ya sa har yau a kasuwannin tsofaffin kaya na Amurka ake tarar da fuskokin da aka haɗa shekara 80 ko 100 da suka wuce, masu su sun bar duniya ba su kammala ba. Abin da tarihin sana'ar ke nunawa, a ganina, shi ne kowane zamani ya sauke wannan nauyi da abin da ke hannunsa, ko kuɗi, ko bayi, ko gayya, ko inji. Ra'ayin da ke cewa bargo na ainihi shi ne wanda mace ɗaya ta ɗinka da allura daga farko har ƙarshe ra'ayi ne na baya-bayan nan, bai kai tsufan da masu shi suke zato ba.

Asalin abin ya yi nisa, kuma galibin abin da ake faɗa a kansa hasashe ne. A shekarar 1903 masanin tono kayan tarihi Flinders Petrie ya tono wani ɗan ƙaramin gunki na hauren giwa a Abidos ta ƙasar Masar, siffar wani sarki na kimanin shekara 5,000 da suka wuce, sanye da alkyabba mai zanen murabba'ai. Littattafan masu wannan sana'a sukan ce ɗinkin kame ne ke jikin alkyabbar. To, gunkin yana nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, amma sassaƙa ba ta iya nuna ko zanen ɗinki ne ko saƙa. Shaidar da hannu zai iya taɓawa ta fito ne daga kaburburan Noin-Ula a arewacin Mongoliya, inda ayarin Pyotr Kozlov ya yi tono a 1924 da 1925 ya samo shimfiɗa mai ɗinkin kame, mai layuka masu murɗewa, wadda shekarunta suka kai kusan 2,000. Akwai kuma maganar da ake yawan maimaitawa cewa mayaƙan Salibiyya ne suka koyo wannan ɗinki daga Musulmin Gabas ta Tsakiya suka kai shi Turai a ƙarni na 12. Ana faɗin haka, kuma ba abin mamaki ba ne tunda auduga ta hannun Larabawa ta shiga kudancin Turai, sai dai babu rubutun wancan zamani da ya tabbatar da shi kai tsaye.

Abin da ya tabbata shi ne yaƙi ya riga gado amfana da wannan dabara. Sojojin Turai na tsakiyar zamani suna sa riga mai ciko a ƙarƙashin sulke, talakan soja kuwa ita kaɗai ce kariyarsa. A nan ne tarihin ya ratso ƙasar Hausa, domin lifidi ba wani abu ba ne illa ƙyalle biyu da cikon audugar rimi ko ta gona a tsakani, an bi shi da ɗinki ya kame. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. An rubuta wannan littafi ne a ƙarshen ƙarni na 19 bisa abin da aka ji daga magabata, don haka shekarun ba na rantsuwa ba ne. Amma lifidin kansa ba tatsuniya ba ne: Baturen nan Dixon Denham, da ya zo Borno a 1823, ya kwatanta mahayan Bagarmi da dawakinsu cikin lifidi a littafinsa na 1826, kuma har gobe 'yan lifida suna fita a hawan Sallah. Wanda ya taɓa duban lifidi da kyau ya ga dalilin ɗinkin kame tsirara. Idan layukan ɗinkin suka yi nesa da juna, cikon zai zame ya taru a ƙasa, kibiya ta sami ƙofa. Kuma masu sana'a ne ke ɗinka shi, maza, don sarki da barade. Ba aikin hira ba ne.

Haka abin yake a Turai da ya koma kan gado. Ɗaya daga cikin barguna mafi tsufa da suka rage a can shi ne wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili tsakanin 1360 da 1400, na lilin da cikon auduga, ɗauke da hotunan labarin wani jarumi mai suna Tristan. An raba shi, wani ɓangare yana gidan tarihin Victoria da Albert a Landan, wani yana Bargello a birnin Florens. Dubi ɗaya ya isa a gane kayan gidan masu hali ne da ƙwararru suka yi. Da Turawan Fotugal, sannan kamfanin Ingila na cinikin Indiya da aka kafa a 1600, suka fara kwaso atamfofi da barguna daga Bengal da Gujarat, sai kasuwa ta rikice, har masaƙan ulu da siliki suka tayar da ƙayar baya. Faransa ta haramta atamfar Indiya daga 1686 zuwa 1759, Ingila ta yi nata dokokin a 1700 da 1721. A tsakanin nan birnin Marsai ya yi suna da farin bargo mai ɗinkin kame, inda mata suke aiki a shaguna ana biyansu. Wani abin lura kuma: haɗin ƙyallaye mafi tsufa a Birtaniya da ke ɗauke da shekararsa a jiki, na siliki ne da aka yi a 1718, kuma ba shi da ciko. Wato a lokacin haɗa ƙyalle sana'a ce daban, ɗinkin kame sana'a ce daban, daga baya ne suka haɗu.

A Amurka suka haɗu sosai, kuma a nan ne labarin baka ya fi yin ƙarfi. Ana cewa matan Turawan da suka fara sauka a can a ƙarni na 17 suna zama gaban murhu da dare suna harhaɗa tsummokara don talauci, daga nan sana'ar ta samo asali. Masana da suka bi takardun rabon gado na wancan zamani sun tarar da akasin haka. Bargon ɗinki kaɗan ne a cikinsu, a gidajen attajirai yake, kuma yawanci na ƙyalle guda ne da aka sayo daga ƙetare. Macen da ke kaɗi da saƙa da hannu ba ta da rarar ƙyallen da za ta yayyanka, ballantana rarar lokaci. Abin da ya sauya lamarin shi ne injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793, da masaƙun da suka biyo baya a Waltham a 1814 da Lowell a shekarun 1820. Yadi ya yi arha har matar manomi tana iya sayen sabo don ta yanka. Arhar nan kuwa da jinin wasu aka saye ta. Zuwa 1860 bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka, auduga kuma ta fi rabin abin da ƙasar ke fitarwa waje. A manyan gonakin kudu, bayi mata ne sau da yawa suke yin ɗinkin kame na bargunan da daga baya aka riƙa jingina wa uwargijiyarsu.

Inda babu bayi, gayya ce ta ɗauki nauyin. Mace ta kwashe hunturu tana haɗa fuskoki ita kaɗai, sannan ta kira maƙwabta. A kafa firam na katako huɗu bisa kujeru, a miƙe shafi a ɗaure, a baza ciko, a ɗora fuska, mata shida ko takwas su kewaye. Hannu ɗaya yana sama da allura gajera, ɗaya yana ƙasa yana jiran tsinin ya taɓa yatsa kafin a mayar da shi sama. Gwana takan sami ɗinki 10 zuwa 12 a inci ɗaya, kuma yatsan ƙasan nan yakan yi kanta saboda sukan allura. Idan aka gama iyakar inda hannu ke kaiwa, sai a naɗe gefen a matso ciki. Dole layukan su yi kusa, inci ɗaya ko biyu tsakani, domin audugar da aka shaɓa da hannu ba ta da abin da ke riƙe ta, wanki ɗaya zai mayar da ita curi-curi. Kyawun da ake yabawa a tsofaffin barguna, wato cikar ɗinki, rabinsa larura ce. Kamfanin Stearns da Foster na Cincinnati ya fara sayar da cikon auduga da aka shirya a masana'anta tun 1846, amma ko shi sai da ɗinki mai yawa. Babban bargo ɗaya yakan ci dubun dubatar sukan allura, wanda mace ɗaya sai ta yi watanni a kai, gayya kuwa ta gama a yini ɗaya ko biyu.

A wannan shekara ta 1846 Elias Howe ya yi rajistar keken ɗinkinsa, Isaac Singer ya biyo a 1851, kuma a 1856 kamfanin Singer ya ɓullo da sayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, abin da ya shigar da keke ɗakunan da ba za su iya biyan dala 100 a dunƙule ba. Masu cewa kakanni sun ƙyamaci inji su dubi bargunan shekarun 1860 zuwa 1890. Mata sun karɓi keke hannu bibbiyu, har wasu suna yin ɗinkin keke a fili da farin zare bisa ƙyalle mai duhu don baƙo ya san akwai keke a gidan. Lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an ƙiyasta matan arewacin ƙasar sun ba sojoji barguna kusan 250,000, adadin da zai yi wuya a kai da allura kaɗai. Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a Jojiya a 1837, ta haɗa hannu da keke a bargonta mai hotunan ƙissoshin Baibul, wanda ta nuna a 1886, talauci ya sa ta sayar da shi dala 5 bayan 'yan shekaru, yau kuma yana gidan tarihin Smithsonian. Hatta 'yan ɗariƙar Amish na Pensilbeniya, da suka ƙi lantarki da mota, da keken taka suke haɗa fuska, su bar kamen ga hannu. A kan bayi akwai wani labari da ya bazu bayan wani littafi na 1999, cewa an riƙa rataya barguna masu alamomin sirri don nuna wa bayi masu gudu hanyar arewa. Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihi ba su sami shaidarsa ba a bakin tsofaffin bayi da aka rubuta hirarsu, ko a takardun waɗanda suka taimaka musu.

Me ya sa keke ya ci haɗin fuska amma bai ci ɗinkin kame ba? Dalilin yana jikin keken. Haƙoran da ke ƙarƙashin allura gaba kawai suke jan ƙyalle, kuma shafin ƙasa suke ja fiye da na sama, sai shafi ya tattare. Tsakanin allura da jikin keke kuma tazarar ba ta wuce inci 6 ko 7 ba, alhali bargon babban gado ya kai inci 90. Layi miƙaƙƙe yana yiwuwa da wahala, amma fure ko gashin tsuntsu mai lanƙwasa sai an yi ta juya bargon duka. Don haka aka ci gaba da raba aikin. A ƙauyen Allendale na arewacin Ingila, George Gardiner da almajirarsa Elizabeth Sanderson sun yi sana'ar zana fasali da shuɗin fensir a kan fuskokin da ake aiko musu, mai bargo ta biya ta karɓa ta bi layin. Zawarawan masu haƙar kwal a Durham da Wales sun rayu da ɗinkin kame, maƙwabta suna zuba kuɗi mako-mako har kowa ya sami nasa, kuma a 1928 hukumar raya sana'o'in karkara ta Birtaniya ta fara kai aikinsu kasuwar Landan. A Amurka ƙungiyoyin matan coci suna karɓar fuska su kame, a biya su bisa yawan zaren da ya shiga.

Gasar 1933 ita ce ta fi tona wannan al'amari. Ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, kamfanin Sears ya shirya gasa don baje kolin duniya na Chicago, barguna fiye da 24,000 suka shiga, babbar kyauta dala 1,000. Margaret Rogers Caden ta Lexington a jihar Kentucky ce ta lashe, aka ba uwargidan shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt bargon. Dokar gasar ta ce dole aikin ya zama na mai shigar da shi. Binciken da Merikay Waldvogel da Barbara Brackman suka wallafa a 1993 ya nuna wasu mata ne da ke yi wa shagonta ɗinki suka yi aikin, aka biya su ladan hannu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba ha'incin ba ne, dokar ce. Ta nuna cewa zuwa wannan lokaci wani sabon ma'auni ya kafu, na mace ɗaya da allurarta. Ma'aunin ya fito ne daga begen zamanin kakanni da ya mamaye mujallun mata a shekarun 1920 da 1930, lokacin da kayan masana'anta suka cika gida har aikin hannu ya zama abin alfahari. Jaridu suna buga fasali, jaridar Kansas City Star kaɗai ta buga fiye da 1,000 daga 1928 zuwa 1961, suna haɗawa da labarin kaka a bakin murhu. Bayan yaƙin duniya na biyu sana'ar ta yi sanyi, bargon kanti ya yi arha, mata sun fita aiki. Da ta farfaɗo da nunin da Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka shirya a gidan tarihin Whitney na New York a 1971, da bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976, sabbin masu koyo sun ɗauki wannan ma'auni tamkar tun asali haka yake. A gasanni da yawa na shekarun 1970 ɗinkin kame na keke ba abin da alƙalai ke kallo da mutunci ba ne.

Amma dabarar da za ta warware matsalar tana nan tun tuni, ba a dai waiwaye ta ba. A 1911 kamfanin Singer ya buga littafin koyar da surfani da keken taka: a cire ƙafar danne, a hana haƙora aiki, a ɗaure ƙyalle a zobe, hannu ya riƙa kai shi duk inda ake so. Da haka ake cike hujin safa da zanen gado. Wani manomi a Nebraska, Ernest Haight, ya daɗe yana kame barguna da keken gida, har ya buga ɗan littafi a kai a 1974, sai dai nasa layuka ne miƙaƙƙu. Abin da ya tilasta sauyi shi ne wuƙa mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Da ita da rula da faifan yanka, abin da ake kwana uku ana yi da almakashi ya koma aikin awa biyu. Fuskoki suka yi ta taruwa a kabad, ga shi gayya ta mutu, maƙwabciya tana ofis. Cikon foliyesta, da na audugar da aka caccake da allurai a masana'anta don ta riƙe kanta, sun rage larurar cika ɗinki, har wani yana jure tazarar inci 8 ko 10, amma duk da haka hannu ɗaya ba ya iya bin saurin yanka. A 1987 Harriet Hargrave ta wallafa littafin da ya koya wa dubban mata yadda za su ɗauki waccan dabarar surfani su ɗora ta kan bargo.

Ga yadda wannan dabara, wato ɗinkin jan hannu, take. A shimfiɗa shafi a ƙasa ko bisa tebur a manne gefensa don ya miƙe, a ɗora ciko da fuska, a soke su da fil mai kulle, tazarar faɗin tafi tsakanin kowanne, ko a fesa gam na wucin gadi. A saukar da haƙoran keke, a sa ƙafa mai zobe wadda ke tsalle tare da allura, tana danne ƙyalle lokacin suka, tana sakinsa in allura ta tashi. A jawo zaren ƙasa zuwa sama kafin a fara don kada ya cukurkuɗe a baya. Daga nan keke ba ya ja, ba ya auna tsawon ɗinki. Tafukan hannu biyu ne, galibi cikin safar hannu mai kama ƙyalle, suke zagaye allura suna tura bargon gaba da baya da gefe, ƙafa tana ba da wuta. Hannu ya fi ƙafa sauri, ɗinkin ya yi tsawo kamar na koyo. Ƙafa ta fi hannu sauri, ɗinkin ya taru wuri ɗaya har zare ya tsinke. In aka yi kwana da gaggawa, zaren sama yakan fito a baya ya yi gashi-gashi. Ana farawa daga tsakiya a nufi gefe, sauran bargon a tattare shi bisa tebur don nauyinsa kada ya ja allura. Mai koyo takan fara da layi mai yawo wanda ba ya ƙetare kansa, sannan madauki, sannan ganye, gashin tsuntsu kuwa sai hannu ya faɗa.

A 1989 aka yi ta ta ƙare. Ƙungiyar masu wannan sana'a da Bill da Meredith Schroeder suka kafa a 1984 tana shirya babbar gasa kowace shekara a Paducah ta jihar Kentucky, kuma a wannan shekara alƙalai suka ba Caryl Bryer Fallert babbar kyauta da bargonta mai hoton husufin rana, wanda ta rina yadinsa da kanta ta kuma kame shi da keken gida. Shi ne karo na farko da aikin keke ya ci wannan matsayi a can. An ruwaito cewa mutane da yawa sun fusata, wasu suna cewa ba bargo ba ne. Bayan shekara 10 an sa shi cikin barguna 100 mafi kyau na Amurka a ƙarni na 20, kuma yana gidan tarihin barguna na Paducah.

Masu sukar ba su rasa hujja gaba ɗaya ba, ya kamata a saurare su. Suna cewa ɗinkin hannu yana barin gurbi tsakanin suka da suka, shi ya sa bargon ke yin laushi yana bin jiki, na keke kuwa layi ne mara yankewa da zare biyu, yana sa bargo tauri. Wannan gaskiya ne, musamman a bargunan gasa na yanzu da ake cika wa ɗinki har su tsaya kamar kwali. Amma laifin na mai ɗinki ne da ta cika, kuma ƙarfin zare biyun nan shi ne ke sa bargon yaro ya jure injin wanki. Suna cewa inji ne ya yi aikin. Wannan kam bai tsaya ba, domin a ɗinkin jan hannu abin da inji ke yi kawai shi ne ɗaga allura da sauke ta, kowane lanƙwasa daga hannu ya fito, har masu ido suna gane aikin wance daga na wance. Mu ma mun san wannan gardama a kan babbar riga: aikin hannu ya fi tsada da daraja, amma ba wanda ya taɓa zama kusa da gwanin surfani a Kano yana murza ƙyalle ƙarƙashin allura zai ce keke ne ya zana askar. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. A 1980 Ken Gammill na jihar Missouri ya fito da keke mai dogon wuya da ke tafiya bisa dogo a kan firam mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14, inda bargo ke tsaye keke ke yawo. Daga baya aka haɗa irinsa da kwamfuta, ta yadda na'ura ke bin fasalin da aka saya a intanet ba tare da hannu ya taɓa ba. Farashinsa yakan kai na mota, don haka mata da yawa suna aika fuskokinsu ga masu shi, a caje su bisa faɗin bargo. A nan na yarda fasaha ta ragu. Sai dai wannan ba sabon abu ba ne, tsarin Allendale ne da na matan coci ya dawo da lantarki, kuma gasanni sun koyi darasin 1933, yanzu ana rubuta sunan wadda ta haɗa fuska da na wadda ta kame.

Idan aka jera zamanin nan duka, ɗinkin jan hannu da keken gida shi ne hanya ta farko da ta ba mutum ɗaya mai matsakaicin hali damar gama babban bargo mai ado a ɗakinsa cikin kwanaki, ba bawa, ba gayya, ba ladan wani. Wato abin da masu begen kaka suke yabo, mace ɗaya daga farko har ƙarshe, keken da suka ƙi ne ya mayar da shi abin yau da kullum. Kuma hannu bai fita daga aikin ba. Bayan kame, a yanke gefe ya daidaita, a yanko dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka shi biyu, a ɗinka shi a bakin fuska da keke, a karya kusurwa ta yi tsini, sannan a juya shi baya. Mata da yawa har yau da allura suke rufe wannan baki, sannan su liƙa ɗan ƙyalle a baya mai ɗauke da suna da gari da shekara, abin da rashinsa ya sa ba a san masu yawancin tsofaffin barguna ba. Ƙungiyar sabbin masu sana'ar da aka kafa a Los Angeles a 2009 ta taso ne da keke a hannu, gardamar 1989 ba ta ma dame ta ba.

Mai karatu da ke da keke a gida, ko da tsohon Singer ko Butterfly na taka ne, ba ya bukatar sabon inji don ya gwada. In haƙoran ba sa sauka, a mayar da ma'aunin tsawon ɗinki kan sifiri, a rufe su da kati mai huji. A nemi ƙafa mai zobe wurin masu sayar da kayan keke, a sa sabuwar allura, a haɗa ƙyalle biyu masu faɗin inci 18 da siririn ciko a tsakani, a fara da rubuta suna.